A Riƙa Fayyace Irin Botar da Za a Sa a Kek

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu koyar da girki da masu sayar da kayan haɗin kek a Kano kan wani abu da suke wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa za ka ji malamar girki ta ce a zuba bota rabin kilo, ta wuce, ba ta faɗi ko mai gishiri ce ko marar gishiri ba, alhali wannan kaɗai ya isa ya sa kek ɗin wata ya yi daɗi, na maƙwabciyarta kuma ya yi zartsi, ko da ma'auninsu ɗaya.

Bota mai gishiri takan ƙunshi gishiri giram 1.5 zuwa 2 a cikin kowane giram 100, kuma kowane kamfani da nasa awon. Ke nan ƙulli guda mai giram 250 yana ɗauke da kusan ƙaramin cokali na gishiri tun kafin uwargida ta barbaɗa nata, wato daf da giram 5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini. Shi ya sa a ganina marar gishiri ce ta dace da kek, ballantana kirim ɗin da ake shafa masa a sama, wanda ba a gasawa, domin a nan gishiri ba ya ɓuya ko kaɗan. Cincin da biskit kuwa suna karɓar mai gishiri lafiya lau, muddin an janye hannu daga gishirin da aka saba ƙarawa. Ba zan raina ta ba, don gishirin nan ne ke sa ta jure zafin Afrilu idan wuta ta ɗauke firji ya huce.

Inda gizo ke saƙar shi ne kasuwa. A Singa da Sabon Gari, yawancin abin da mata ke saya ana kwarfo shi ne daga babban bokiti a ƙulla a farar leda, babu suna, babu rubutu, kuma galibi na man tsirrai ne mai gishiri a ciki. Mai saye ba ta da wata dabara sai ta lakata ta ɗanɗana. Man shanunmu na Fulani ba a sa masa gishiri, sai dai soyayyen ya riga ya rabu da ruwansa, don haka akan rage yawansa, kuma ƙamshinsa yakan danne na filebo.

Roƙona ga 'yan kasuwa shi ne su manna 'yar takarda a jikin ledar mai nuna irin abin da ke ciki, su kuma malaman girki su riƙa faɗin wadda suke nufi tare da yawan gishirin da za a ƙara, musamman yanzu da ake shirin Sallah da haɗa garar amare.

Wassalam.

Wata mai gasa kek,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.