A Bar Wa Gonakin Kofi Itatuwansu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomin noma kan abin da ake tsallakewa duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da noman kofi a Nijeriya, wato itatuwan da ke yi wa gonakin inuwa. Mu mazauna Legas muna shan kofin gwangwani a teburin mai shayi daga Agege har Obalende, alhali tsaunin Mambila na Jihar Taraba yana da tsayi da sanyin da kofi nau'in Arabika ke so.

Asalin Arabika dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, inda yake girma a ƙarƙashin manyan itatuwa. Manomin da ya matsa wa gona don neman yawan amfani yakan fara da sare itatuwa, ya bar iri ɗaya ko biyu, ko ya kawar da su baki ɗaya. Amfani kan ƙaru da farko, ba na musun haka, amma daga nan gonar ba ta tsayuwa sai da takin zamani da feshi, kuɗin da ƙaramin manomi na garin Gembu da ke kan tsaunin Mambila ba shi da su.

Kowane itace da aikinsa. Itatuwa dangin wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen da ke zuba yana riƙe laima yana hana zaizaya a gangare, tsuntsayen da ke sauka suna cin ƙwaron da ke huda 'ya'yan kofi, ƙudan zuma kuma na ƙara yawan 'ya'ya. Ayaba da fiya suna ciyar da gida a shekarar da farashi ya faɗi. Itacen turare da ya cika Mambila ba zai yi waɗannan ayyuka ba, domin ruwan ƙasa yake shanyewa. Inuwa ma idan ta yi duhu tana rage fure, don haka rage rassa ake yi, ba sare gindi ba.

Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan, wadda kofi ke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku can Mambila. Ina kira gare ta da ta riƙa raba dashen itatuwa iri-iri tare da dashen kofi. Masu fitar da kaya ta tashar Apapa su ma abin ya shafe su, tunda dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2023 ta tanadi ƙin karɓar kofin da aka noma a filin da aka sare dajinsa bayan 2020.

Naku mai karatu,
daga Agege, Legas