Fentin da ya bi surukina gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan fentin cikin ɗaki. Na san wasu za su ce duk matsalolin ƙasar nan ban ga abin rubutu ba sai fenti. Ni ma da haka nake raina shi, sai da ya ba ni kunya.

Ana saura kwana goma ƙaramar Sallar bara, uwargida ta matsa a sabunta falo. Na damƙa wa wani mai fenti kuɗi ya je kasuwa. Ya dawo da bokiti biyu masu rubutu rangaɗa-rangaɗa, kuɗinsu bai kai rabin na waɗanda na sani ba, ni kuwa har da sa masa albarka. Ranar Sallah mahaifin matar ɗana ya zo barka da Sallah cikin shuɗiyar shadda sabuwa fil, ya jingina da bango muna hira. Da ya miƙe, bayansa fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Dattijon kirki, bai ce uffan ba. Jikana ne ya tona asiri.

Bayan Sallah na kankaro ɓawon fentin na kai wa wani tsohon mai sana'ar a Tsohuwar Kasuwa. Ya murza shi a yatsa ya ce, "Malam, wanga ba fenti ba na, alli na da ruwa." Ya ce abin da ke cin kuɗi a fenti shi ne danƙon da ke riƙe launi a jikin bango. Mai son yin na araha sai ya rage danƙon, ya cika alli da ruwa. A bokiti za ka gan shi da kauri, har ya fi mai kyau nauyi, amma da ya bushe ba abin da ke riƙe shi. Ashe araha ba ta ado, har a bango.

Gwajin da ya koya mini ba ya buƙatar ilimin boko. Ka sayi ƙaramin galan tukuna, ka shafa a gefe ɗaya na bangon, ka bar shi kwana biyu ko uku. Ka goga tafin hannu; in ya fito da gari, ka gudu. In bai fito ba, ka jiƙa tsumma ka goge. Fentin da ya tsaya bayan tsumma shi ne naka. A nan Sakkwato wannan ba ƙawa ba ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ga yara da gawayi da hannun miya. Bangon da ba ya goguwa, kowace shekara sai ka sake biya.

Tsohon malamin lissafi ne ni, don haka ku yi haƙuri. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, in an cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai kimanin murabba'in mita 40. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya kan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Shafi biyu, lita 8 ke nan, wato bokitin lita 20 ya ishi ɗaki biyu har da saura. Nawa na araha sai da aka yi shafi huɗu, kuma tsohon launin yana leƙowa. To wa ya ci riba?

Game da suna, tsofaffin kamfanoni irin su Berger da CAP mai yin Dulux suna da dillalansu. Amma suna a jikin bokiti kaɗai ba hujja ba ne, domin bokitin da aka juye ana iya sake cika shi da komai. Ka je da ƙafarka, ka duba murfi a liƙe yake, ka nemi tambarin NIS, shaidar inganci ta hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Nijeriya, ka karɓi rasit. A buɗe bokitin a gabanka, kuma ka tsaya lokacin da ake sirka ruwa, don nan ma ana yin ta'asa.

Wani lokacin kuma laifin ba na fenti ba ne. Filastar siminti na son kamar mako huɗu ta bushe, mu kuwa biki ya matso, yau a yi filasta jibi a shafa. Bangon da ke tsotso danshi daga ƙasa yana fitar da farin gishiri, ko fentin Ingila ka sa masa sai ya kumbura. A watan Afrilu kuma, zafi ya haura digiri 40, gara a yi aikin da sassafe.

Abin da ya fi damuna shi ne fentin mai, wanda muke shafa wa ƙofofi da tagogi, wasu har bangon ɗakin yara. Wasu irinsa, musamman rawaya da ja, ana sa musu dalma. Mu maƙwabtan Zamfara ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Waccan daga haƙar zinari ta fito, amma dalmar ɗaya ce, kuma yaro mai rarrafe ba abin da ba ya kaiwa baki, har ɓawon fenti. Ina kira ga SON ta riƙa zagaya kasuwanninmu tana gwada abin da ke cikin bokitan nan, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo.

Falona dai an kankare shi tas. Yanzu haka akwai shafi uku na gwaji a bangon zaure, gobe in Allah ya kai mu zan bi su da tsumma.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.