Harafin "bi" ba kullum yake nufin "da" ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani harafi guda na Larabci, wanda ƙanƙantarsa ta sa muke wuce shi da gudu a makarantunmu. Harafin shi ne ba'u mai ɗigo ɗaya da wasali a ƙasa, wanda ake liƙawa a goshin suna a karanta shi "bi". Da shi mushafi ya buɗe, kuma duk yaron da ya yi babbaƙu ya san shi a kan allonsa tun kafin ya san ma'anar abin da yake wankewa.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne a wani zaure a nan Tahoua, inda muke bitar tafsiri bayan la'asar. Wani ɗalibi mai ƙoƙari ya ja aya ta 123 a Suratu Ali Imrana, "wa laƙad nasarakumullahu bi Badrin", sai ya fassara da cewa Allah ya taimake ku da Badar. Na ce masa, "Ɗana, Badar takobi ce ko runduna?" Ya yi shiru yana duban littafinsa, can ya ce wuri ne da aka yi yaƙi a shekara ta 2 bayan hijira. Na ce to ai ka ba kanka amsa, a Badar aka taimake su. Ban ga laifin yaron ba, domin haka muka koya masa, kuma haka aka koya mana: "bi" da, "fi" cikin, "min" daga, "ala" bisa. Wannan hanya ta kalma a bakin kalma ta raini malamai masu yawa a ƙasar Adar da sauran ƙasar Hausa, ba kuwa zan raina ta ba, amma tsani ce ta mafari, mu kuma mun bar manyan ɗalibai suna zaune a kanta.

Malaman nahawu ba su bar wannan harafi a dunƙule ba. Ajurrumiyya, littafin nahawu da kowa yake farawa da ita, ta lissafa shi cikin haruffan jarra, wato masu sa wa ƙarshen suna wasalin ƙasa, da kuma haruffan rantsuwa, ta wuce. Ibn Malik, wanda ya rasu a shekara ta 672 bayan hijira, ya tattara ma'anoninsa a cikin Alfiyya, sannan Ibn Hisham, wanda ya rasu a 761, ya kai su goma sha huɗu a cikin Mugnil Labib. Tushensu duka, a wajen Sibawaihi, babban malamin nahawu, shi ne ilsaƙi, wato liƙuwar abu da abu, kamar mutum ya ce ya riƙe Zaidu da hannu.

Gaskiya ne "da" ta Hausa tana ɗaukar kaso mai yawa na wannan nauyi, kuma wannan ne ya sa kuskuren yake ɓuya. Idan Balarabe ya ce "katabtu bil ƙalami", mu ma na rubuta da alƙalami muke cewa. Da aka ce wa Annabi Nuhu "ihbiɗ bi salamin minna", sauka da aminci daga gare mu ya zauna daidai. Rantsuwa ma haka, "billahi" na rantse da Allah ne. Amma "fa kullan akhazna bi zambihi" a Suratul Ankabuti dalili ne, kowa an kama shi saboda zunubinsa. "Wa sharauhu bi samanin bakhsin" a Suratu Yusuf farashi ne, sun sayar da shi a kan kuɗi ƙalilan, kamar yadda mai albasa zai ce ya bar maka kashi a dala ashirin. "Fas'al bihi khabira" kuwa tambayi masani game da shi ne. Akwai ma inda harafin ya zo don ƙarfafa magana kawai, kamar "alaisallahu bi ahkamil hakimin", wato ashe Allah ba shi ne mafi adalcin masu hukunci ba, wanda duk mai cusa "da" a cikin fassararsa zai ɓata Hausar, ya ɓata ma'anar.

Wurin da na fi so ɗalibai su tsaya su yi nazari shi ne aya ta 17 a Suratul Baƙara, "zahaballahu bi nurihim". Idan muka ce Allah ya tafi da haskensu, kunnen Bahaushe yana iya jin cewa mai ɗauka ya tashi tare da abin da ya ɗauka, kamar yadda ake cewa direba ya tafi da kaya. Wasu magabata, irin su Mubarrad, sun riƙi cewa wannan ba'u yana ɗauke da ma'anar rakiya, Ibn Hisham kuma ya kafa hujja da wannan aya ɗin cewa aikinsa ƙetarar da fi'ili zuwa ga abin da aka yi wa aiki ne kawai. Abin sha'awa shi ne Hausa tana da maganin wannan a cikin jikinta, domin ta bambanta "ya tafi da" da "ya tafiyar da", ta bambanta "ya fita da" da "ya fitar da". Wanda ya ce Allah ya gusar da haskensu ya kuɓuta daga ruɗanin gaba ɗaya, ba tare da ya aro komai daga wani harshe ba.

Maganar ba ta tsaya a fassara ba, ta shiga har cikin buta. Ayar alwala a Suratul Ma'ida ta ce "wamsahu bi ru'usikum", wato ku shafi kawunanku. Malikiyya, waɗanda su ne mazhabar da muka tashi a kanta ta hanyar Ahalari da Ishmawi da Risala, sun wajabta shafar kai duka, kuma hadisin Abdullahi bin Zaid da ke cikin Muwaɗɗa, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai hannuwansa ƙeya ya dawo da su, yana ƙarfafa su. Shafi'iyya sun fahimci cewa ba'un yana ba da ma'anar sashe, don haka shafar wani ɓangare ta wadatar, Hanafiyya kuma suka ƙayyade rubu'in kai. Na taɓa jin wani alhajinmu da ya dawo daga Makka yana cewa ya ga mutanen Indonesiya ba su iya alwala ba, saboda goshin kai kawai suke shafawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutanen nan Shafi'iyya ne, suna kan fahimtar manyan malamai, kuma da an taɓa buɗe masa bayanin wannan harafi sau ɗaya da bai ɗauki alhakinsu ba. Haka nan ayar da ta ce ku shiga Aljanna "bima kuntum ta'amalun", wato da abin da kuka kasance kuna aikatawa, da hadisin da ya ce babu wanda zai shiga Aljanna "bi amalihi", wato da aikinsa, malamai sun daidaita su ne da nuna cewa ba'un ayar daban, na hadisin daban.

Roƙona ga malaman zaure da na madarasa da masu koyarwa a Jami'ar Musulunci ta Say shi ne, da zarar ɗalibi ya gama Ajurrumiyya a daina karɓar "da" daga bakinsa sai ya faɗi wace "da" yake nufi, kuma a riƙa ba shi misalan da Hausa tsantsa: a, saboda, a kan, game da, daga. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Bahrul Muhiɗ a nahawu yana zaune a cikin Hausawa da Fulani, don haka wannan ilimi ba baƙo ba ne a wajenmu. Idan jaridarku za ta ware ɗan gurbi kafin azumi mai zuwa, a shirye nake in aiko da bayanin lamun "li", wanda shi ma muka ɗaure shi a kan "domin" alhali yana nufin mallaka a "lillahi ma fis samawati", wato abin da ke cikin sammai na Allah ne.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Larabci,
Tahoua.