'Yan kasuwar Sakkwato, ina muke sauke baƙon da talla ta kawo muna?

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu saye da sayarwa ta waya.

Ni nan Sakkwato nike, ina taya kawuna saida kayan fata da dukawan shiyar Madunka ka yi, takalma da jakunkuna, kuma fatar jan akuyarmu kowa ya san ba ta da na biyu. Shekara biyu muna biyan Facebook kuɗin talla, mutane su danna su shigo su ce "nawa ne" su ɓace, wallahi wani lokaci sai ka amsa ma mutum hamsin guda biyu su saya, sauran ko lambarsu ba mu riƙe ba, gobe in sabon kaya ya zo sai mun sake biyan wata talla mu neme su. Ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram sunka ɗauke kusan awa shida, zaune munka yi, babu hanya ko ɗaya ta kai ga kwastoma.

Abin da ya canza muna lamari shafin intanet ne guda ɗaya tak, ni ina ce mashi shafin tarbar baƙo. Wanda ya danna talla nan zai sauka, ya ga kaya iri ɗaya, hoto mai kyau, farashi a fili, kwana nawa kaya ka yi kafin su kai Kano ko Abuja, sai wurin da zai sa suna da lamba, sai maɓallin biya. Shi ke nan. Mu da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, munka haɗa namu, wasu Selar, dandalin saida kaya ta intanet, suka amfani da shi. Na farkon da wani yaro ya yi muna ya cika shi da bidiyo da kaya kala ashirin, kafin ya buɗe data ta ƙare, mutum na ƙauye da ƙaramar waya ba ya jira, dole munka rushe anka sake.

Inda na saba da masu koyar da wanga abu shi ne batun imel. Kullum su ce tara imel tara imel, to ai mutanenmu da yawa imel ɗin mai shagon waya ya buɗe masu ranar da sunka sayi waya, ko fasuwod ba su sani ba. Mu lambar WhatsApp muka tambaya, imel ga wanda ya ga dama, kuma su ma'aikata da 'yan Legas da masu saye daga waje su ka bada shi, suna kuma karantawa. Kuma a rubuta da Hausa don Allah, tun randa munka maida namu Hausa tambayoyi sunka ragu.

Amma Edita abin da ya fi damuna amana. Mutum ya ba ka lambarshi don takalmi, sai ka jefa shi guruf biyar ba ka tambaye shi ba, wani ma saida lambobin yaka yi, matan aure a riƙa kiransu da dare. Wanga cin amana ne, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa ma hannu a Yunin 2023. A faɗa ma mutum abin da za a aiko mashi, in ya ce a cire shi a cire.

Ina roƙon ɗalibanmu na Jami'ar Danfodiyo da Poli masu karatun kwamfuta su shigo Babbar Kasuwa su zauna da mu shago shago su koya muna cikin farashin da za mu iya, mu dai shagonmu a buɗe yake daga safe har magariba.

Naku mai karatu,
daga Sakkwato