Wasiƙa Daga Katsina: Tafkin Da Ke Kan Dutse

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya sanyin ƙasar Turawa? Nan Katsina dai zafi ake zubawa, kowa lafiya, Hajiya na gaishe ka.

Labari nake son ba ka, tun da na dawo daga Filato abin ke raina. Bikin wani abokin aiki ya kai mu Jos, bayan an watse sai wani ɗan yankin Mangu ya ce sai ya kai mu mun ga tafkin Pidong a Ampang West, kusa da Kerang inda ake haɗa ruwan Swan. Ka san yankin ya sha rikici, don haka ba mu motsa ba sai da ya buga waya gida aka ce lafiya lau.

Da sassafe muka fara hawa, ta cikin gonakin dankalin Turawa da masara, ƙasar baƙa-baƙa ce mai ƙarfi, ya ce tokar aman wutar da dutsen ya taɓa yi a zamanin da ce ta sa komai ke yi. Duwatsun hanya ma ba irin namu na Dutsin-Ma ba ne, na ɗauki wani baƙi duk ƙananan ramuka a jikinsa, wai gurbin iskar da ta fice ne lokacin da narkakken dutsen ke hucewa. Hawan akwai jan numfashi wallahi, ga iska mai sanyi na kaɗawa, kana ta tafiya ba ka ganin komai sai ciyawa har ka kai baki, kawai sai ga ruwa can ƙasa a kwance cikin rami kamar fura a ƙwarya.

Mu da muka san ruwa sai an haƙa ko an tare, ko Kusugu ko dam ɗin Zobe da na Jibiya, yau ga shi a bakin da wuta ta taɓa fitowa. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

A nan ne aka tuna mana da tafkin Nyos na Kamaru, shi ma irin wannan ne. Daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwan ta taso gaba ɗaya, da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sai ta bi kwari ta gangara ƙauyuka, mutum sama da 1,700 suka rasu, da yawa a cikin barci, dabbobi kusan 3,500, har da shanun Fulani makiyaya. Allah Ya jiƙan musulmi. Sai a 2001 aka sa bututu yana fitar da iskar a hankali. Kuma abin ya shafe mu, don in bangon tafkin ya fashe ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala, wannan yana cikin dalilan gina dam ɗin Kashimbila a Taraba.

Abin da ke damuna shi ne a makaranta an koya mana aman wutar dutse kamar sai Italiya da Japan, alhali ga shi a Filato, ga tafkin Tila a wajen Biu. Ya kamata a riƙa kai yaranmu su gani da ido.

In Allah Ya dawo da kai hutu tare za mu koma, ka taho da takalmi mai kama ƙasa, silifas ba zai yi ba. Zan tura ma hotunan ta WhatsApp in netwok ya daidaita.

Ka gaida mutanen gidanku.

Naka,
amininka na Ƙofar Soro