A Riƙa Sauraren Yara da Iyayensu Tare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma abin da ke damuna shi ne yadda muke fassara halin yaron da ya daina magana ko ya koma fitsarin kwance bayan rabuwar iyayensa. Wasu su ce iskanci ne su ɗauko bulala, wasu su ce aljanu ne, alhali sau da yawa damuwa ce ke cinsa.

Masana halayyar ɗan Adam ba sa tsare ƙaramin yaro da tambayoyi, sai su ba shi takarda ya yi zane ko kayan wasa, domin ta nan yake fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Sannan sukan zauna da uwa da uba, har da kaka ko matar uba idan a hannunta yake, tunda ciwon a cikin gida ya samo asali.

Tun 2023 aka sanya hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ina roƙon gwamnatin Kaduna ta sa masu ba da shawara da ke jin Hausa a makarantu da asibitocin unguwa, saboda ba kowace uwa ce ke da kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba.

Wassalam,
Wata malama daga Tudun Wada, Zariya