Wasiƙar godiya ga masu walda da aikin katako na layinmu a Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a kan teburin aiki mai taya da kuka haɗa mini, domin wallahi ban zaci har yanzu ana samun irin wannan mu'amala ba.

Ni ƙaramin kafinta ne, a zauren gidanmu a Gwammaja nake aiki. Zauren nan shi ne hanyar shigar iyali, nan ake ajiye babur, nan baƙi ke zama. Dole in fitar da kayan aiki ƙofar gida da safe, in mayar da magariba. Kafin in zo wurinku na kai aikin wani shago, na ba da kafin alƙalami, aka shiga yi mini gobe-jibi har na gaji da zarya. Da teburin ya fito, ya fi ƙofar zauren faɗi, kuma sun manta taya tana ƙara tsayi, sai ya kai mini kusan ƙirji. Da na yi magana aka ce ai haka ake yi wa kowa.

Ku kuwa kun ƙi taɓa ƙarfe sai da kuka turo wani matashi cikin yaranku ya ga wurin. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya durƙusa ya auna faɗin ƙofa da tudun dokin ƙofa, sannan ya ce, "Baba, tsaya ka saki hannunka." Ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannuna, ya ce a nan saman teburin zai tsaya, wajen santimita 86, har da tayoyin a lissafi. Ya tambaye ni da wane hannu nake riƙe zarto, don ya san ɓangaren da za a ɗaura ƙarfen matse katako. Ban taɓa jin mai sana'a ya yi wannan tambayar ba.

Shi ya hana ni sayen ƙananan tayoyin roba masu araha. Ya ce a sa masu inci 5, duka huɗun da birkin da ke kulle gungurawa da juyawa, in ba haka ba teburin zai riƙa gudu ina tsakiyar yanka. Ya ce a yi kanta a ƙasa don injina masu nauyi su danne shi. Saman kuwa filawud ne mai kaurin milimita 18, aka manne biyu, bayan ya raka ni 'Yan Katako a Na'ibawa mun zaɓo busasshen katako na gefuna, saboda ɗanye hunturu na shigowa zai tsage ko ya karkace. Kuɗi yadda muka yi, rana yadda kuka faɗa.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki a Kano, garin da aka san shi da maƙera da dukawa da marina tun kaka da kakanni. Yau ka kai ɗinki, ka kai gyaran famfo ko na wuta, a karɓi kuɗinka, a kashe waya. Iyayen gida da yawa sun daina koya wa yara awo da haƙuri, sai dai yadda za a sallami mutum da sauri.

Ku riƙe yaron nan da kyau, ku ƙara masa wani abu a aljihu. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku daga asara.

Naku,
wani kafinta daga Gwammaja